Daminar da Babanku Ya Yi Cirar Ciyawa

Akwai maganar da na daɗe ina ɗauke da ita, kuma tun da Allah ya yi wa wan babanku Alhaji Garba rasuwa bara, babu sauran wanda zan ji nauyinsa in na faɗe ta. Ranar sunan 'yar ɗan'uwanku Auwalu ina kishingiɗe a ɗaki, kuna zaton barci nake yi, na ji 'yar'uwarku Ummi a tsakar gida tana ba ƙawarta labari. Ta ce innarsu mace ce mai ƙarfin hali, amma tausayinta kaɗan ne, don babansu yana shanye ta riƙa fitar da shi yana cirar ciyawa kamar ɗan ƙodago, har ta ɓata da dangin ubansu a kan haka. Ba da mugunta ta faɗa ba, da dariya ma ta ƙarasa. Ban fito ba, ban kuma yi fushi ba, domin abin da ta gani da idonta tana yarinya shi ta faɗa. Sai dai akwai abin da ba ta gani ba, shi nake so ku sani, ku duka.

Ku ƙanana ba ku san babanku da ƙarfinsa ba. Mahauci ne a Kasuwar Shanu, irin wanda ke saɓa cinyar sa a kafaɗa yana tafe yana zolayar mutane. Yayansa Alhaji Garba shi ya rene shi tun da mahaifinsu ya rasu a Kano, shi ya kawo shi Maiduguri, shi ya ɗora shi a kan sana'a, shi ya je ya nemo masa aurena. Alhaji yana dillancin shanu, babanku yana yanka, ba a jin kansu. Gidanmu na Bolori a lokacin fili ne babba da ɗakuna biyu can ƙurya, da rijiya, da ɗan lambuna na kuɓewa da yakuwa a jikin katanga. Daga babbar ƙofa zuwa ɗakunan akwai doguwar hanya ta yashi, inda a-kori-kurar Alhaji ke shigowa. Maƙwabciyarmu ta hannun hagu Maman Rifkatu ce, mutuniyar wajen Biu, mijinta malamin makaranta, ita kuma ta taɓa aikin jinya kafin haihuwa ta zaunar da ita a gida. Daura da mu kuma Ya Fanna, tsohuwar Babarbariya mai awaki, wadda har ta koma ga Allah ba ta daina ce mini "kai" ba.

Da bazara abin ya same shi, yana tsakiyar aiki wuƙa ta faɗi daga hannunsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta zama sai an kasa kunne sosai kafin a tsinci kalma. Da aka sallamo shi daga asibiti, Alhaji da kansa ya goyo shi daga mota har kan gado, yana haki, bai yarda kowa ya taya shi ba. Likita ya ce ƙafar za ta iya dawowa, hannun ma ba a yanke ƙauna ba, amma sai mai jiki ya so, sai ya riƙa motsa su. To, mai jiki bai so ba. Ya juya fuska ga bango ya kwanta. Abokan sana'arsa suka yi ta zuwa dubiya, ya rufe ido kamar mai barci har suka gaji suka rage zuwa. Abinci ba ya ci sai na fita na bar masa ɗakin, don kada wani ya gan shi yana kai loma da hagu. Maman Rifkatu ta kawo masa ƙaramar ƙwallo ta roba, ta ce ya riƙa matsawa a tafin hannu kamar yadda ake yi a asibiti. Tana fita ya ture ta ƙarƙashin gado. Ban taɓa jin tsoro irin na waɗannan watanni ba, don mutumin da na sani yana kwance a gabana, yana numfashi, amma kullum sai in ga ya ƙara nisa.

Shekarar ce damina ta dawo da ƙarfinta bayan shekarun fari. Ruwa ya yi ta sauka, ƙasar da ta daɗe da ƙishirwa ta amayar da duk irin da ta ɓoye. Da, yaran babanku na kasuwa ne kan zo su share filin da fartanya, tayar mota kuma ta danne abin da ya rage. Yanzu babu yara, mota ma sai jefi-jefi. Kafin in ankara gidan ya koma daji. Ƙarangiya ta cika hanyar mota, tsidau ya malala har bakin rijiya yana jiran ƙafar yaro, kirikiri ya kama jikin katanga yana neman shaƙe mini kuɓewa. Nakan fita da fartanya da safe in yi abin da zan iya, in na share gabas yamma ta tsiro.

Yoyon ɗaki ne ya fito da shi, ba dabarata ba. Wata safiya bayan ruwan dare katifarsa ta jiƙe, dole na roƙi mijin Maman Rifkatu ya taya ni muka fito da shi, muka zaunar da shi a kan tabarma a bakin ƙofa, ya jingina da bango. Na shanya katifar, na ɗauki fartanya na ci gaba da aikina nesa kaɗan da shi. Ina sunkuye na hango shi ta ƙarƙashin hammatata. Ya sa hannun hagu ya tuge wata ciyawa da ke gefen tabarmar, ƙasa ta yi laushi, ta fito har saiwa. Ya juya ta yana kallo. Can sai ya kamo hannunsa na dama ya ɗora a kan wata, ya lanƙwasa yatsun da hannun hagu, ya ja. Yatsun suka saki. Ya sake, suka saki. Na kawar da kai da sauri, na yi ta sara inda babu ko ciyawa, don na san in ya gane na gani, shi ke nan.

Washegari katifa ta bushe, amma na ce masa da sauran danshi, muka sake fito da shi. Na nufo wajen tabarmarsa da fartanya kamar zan share wurin, sai na ji murya a bayana, da nauyi, amma tar.

"Bar nan."

Tun da ya kwanta ban ji ya faɗi abin da ya fita sarai haka ba. Na ce to, Malam, na wuce bayan ɗaki na yi kukana na wanke fuska.

Da na gaya wa Maman Rifkatu, ta ce in rufe bakina, kada in yabe shi, kada in ce magani ne, in bar shi a matsayin aikin gida da maigida ke yi a gidansa. Haka aka yi. Muka raba filin ba tare da mun taɓa zama mun raba ba. Mai ƙaya tawa ce, da fartanya nake bin ta tun ba ta yi 'ya'ya ba, in tara ta bushe in ƙone. Mai laushi tasa ce. In an yi ruwa da dare, da hantsi yana waje. Da farko a kan tabarma yake jan jiki, daga baya ya koma kujera 'yar tsugunno, ya cire abin da hannunsa ya kai, ya ja kujerar gaba. Hannun hagu ne ke yin yawancin aikin, amma kowace ciyawa sai ya fara ba na dama ya gwada. Abin da ya cire kuma ba ya haɗa shi wuri ɗaya, ya saba da ware tsoka da ƙashi da kayan ciki. Tafasa da lalo gefe guda, na tukunya ne. Ciyawa mai taushi gefe guda, ta awakin Ya Fanna ce. Ita kuma takan zo da kanta ɗauka, ta tsaya daga nesa ta ce masa wushe, gaisuwarsu ke nan, ta yi ta yi masa hira rabi da Barbarci, ko ya gane ko bai gane ba, wani lokaci ta bar mana ɗan nono a ƙwarya. Ita ce baƙuwa ta farko da bai rufe wa ido ba.

Kirikiri ya fi ƙarfinmu mu biyu, don ko ka tuge shi in guntu ya saura a ƙasa sai ya dawo. Maman Rifkatu ta ce a garinsu rufe shi ake yi a hana shi ganin rana. Na tattaro tsofaffin tabarmi da buhunan da suka yage na shimfiɗa a kansa, na danne da duwatsu, da na ɗaga bayan wasu makonni ya yi fari ya mutu. Gindin kuɓewa da yakuwa kuma na zuba ɓawon gyaɗa da ganyen dogon-yaro da kauri, ciyawa ta kasa hudowa, danshi ya zauna. Babanku yana kallon duk wannan daga kujerarsa, kuma ta hanyar faɗa maganarsa ta fara dawowa. Sai in ji ya ce, "Kin bar saiwa." Ko ya ce, "Ba haka ba." Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na wannan damina ba.

Alhaji yakan zo ranar Juma'a bayan masallaci, lokacin babanku yana ɗaki, saboda haka bai san abin da ake ciki ba. Ya dai sha yin ƙorafin ciyawa, ya ce motarsa ba ta iya ƙarasawa bakin ɗaki, in ciwo ya tashi da gaggawa yaya za a yi.

Ranar da abin ya faru ina wajen rijiya. Babanku ya miƙa hannu ga wata tafasa da ta ɗan yi masa nisa, kujerar ta goce, ya kifa, goshinsa ya daki bakin turmi. Ummi ce kusa, ita ta fasa ihu. Kafin in iso jini ya rufe masa ido ɗaya, ya ɓata rigarsa, ga ƙasa a bakinsa, ga ciyawa damƙe a hannunsa. Allah ya sa a daidai lokacin Alhaji ya yi sallama, ranar ba ma Juma'a ba ce, hanya ce ta biyo da shi. Abin da ya gani shi ne abin da Ummi ta gani: ƙaninsa mara lafiya kwance cikin ciyawa jina-jina, matarsa tana can wajen rijiya. Maman Rifkatu ta zo ta wanke ciwon ta ɗaure, ta ce bai yi zurfi ba. Alhaji bai yi mini magana ba sai da ya kwantar da shi ya fito. Ya tambaye ni tun yaushe ake wannan, na gaya masa gaskiya. Ya ce gobe zai zo da mai feshi. Akwai maganin da yake sa wa a gonarsa ta bayan gari, in aka fesa ko tsinke ba ya saura, kowa ya huta, babu maciji, babu sauro, babu dalilin fitar da mara lafiya rana.

Bayan la'asar na shiga kai wa babanku kunu. Na ajiye zan fita kamar yadda na saba, sai na ji an riƙe mini wuyan hannu. Riƙon ba shi da ƙarfi, yaro ma zai iya zamewa. Da na duba, hannun dama ne.

"Rabi. Kar ki bari."

Na durƙusa na ce masa ai sai ya gaya wa Yaya da bakinsa, in ya ji daga gare shi zai haƙura. Ya girgiza kai. Ya ɗauki lokaci yana haɗa kalmomin, ni kuma na jira.

"Yaya ne ya goya ni. Ban taɓa ce masa a'a ba. Kar ki ce ni ne."

Ku da kuka tashi a wani zamani za ku ce mene ne a ciki, ƙani ya gaya wa wansa ba ya son abu. A wurin babanku ba ƙaramin abu ba ne. Mutumin da ya ciyar da shi yana maraya, ya goyo shi a baya yana da furfura, ya zo da taimako a hannu, a ce shi ne zai mayar masa da shi. Kuma akwai kunya. Ta yaya zai buɗe baki ya ce wa Alhaji, mahaucin da Kasuwar Shanu ta sani, yanzu ba shi da abin da ke tashe shi da safe sai cirar ciyawa? Na ce masa na ji, ba za a fesa ba, kuma ba zan faɗa ba.

Da hantsi Alhaji ya zo da wani mutum mai goye da famfon feshi, da galan a hannu. Tun daga nesa warin abin ya iso, irin mai kama maƙogwaro. Na yafa mayafi na tare su a babbar ƙofa, abin da ban taɓa yi ba, na durƙusa na gaishe shi. Na ce Yaya Alhaji ya yi haƙuri, ina tsoron maganin nan. Ga rijiya a tsakiyar fili da muke sha, ga kaji suna kiwo, ga awakin Ya Fanna da ke cin ciyawar, ga yara da ke yawo ba takalmi suna tsinkar tafasa, ga lambu. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, har yau kuma ina kan bakana, abin da ke ƙone ciyawa a yini guda ban yarda ya kwana kusa da ruwan shan 'ya'yana ba. Amma ba shi ne babban dalilin ba, shi ma Alhaji ya ji a jikinsa akwai saura. Ya ce a rufe rijiyar, a kulle kajin, a hana yara fita kwana biyu. Na ce ya yi haƙuri. Ya ce to bari ya ji daga bakin mai gidan.

Ya shiga ɗaki, ina biye da shi. Babanku ya juya fuska ga bango. Alhaji ya zauna a bakin gado ya dafa shi, ya kira sunansa a hankali, ya tambaye shi ko yana so a fesa, ko ya fi so a bari. Babanku bai motsa ba. Ina ganin kafaɗarsa tana rawa, Alhaji kuma ya ɗauka ciwo ne. Da muka fito idanun Alhaji sun kaɗa.

"Rabi, mutumin da ko amsa ba ya iya bayarwa, shi kike sa wa noma? Me ya yi miki?"

Maganar tana bakina, saura kaɗan ta fito. Na haɗiye ta. Na ce, "Yaya, gidan ƙaninka gidanka ne, kome ka ce a yi za a yi. Wannan ɗaya ne kawai ba zan iya ba."

Ya ce in haka ne, ƙafarsa ba za ta ƙara taka gidan da mace ke tare shi a ƙofa ba. Ya kira mai feshinsa suka tafi. Bayan 'yan kwanaki, da goshin ya kame, aka yi ruwa, na fitar da kujerar na ajiye ta a inda babanku ya tsaya da cira, na sa dutse na tokare ƙafarta. Ummi tana tsaye a bakin madafa tana kallona. Na ga irin kallon.

Ku riƙe wa Alhaji wannan: bai taɓa daina aiko da buhun gero ba. Sai dai a bakin ƙofa ake direwa, direba ya yi sallama ya juya. Labari ya kai Kano yadda ya kai. Gwaggonninku da ke aiko mini da daddawa da kuka duk wanda zai zo, suka ɗauke hannu. Da sallah ta zo ba a aiko mota ta ɗauke ku zuwa gidan Alhaji ba, kuka yi kwalliya kuka zauna a zaure har yamma kuna leƙen hanya. Wannan sallar ta fi kome yi mini ciwo, don ku ba ku yi wa kowa kome ba. Ko a cikin unguwa akwai matan da suka riƙa yi mini wani gani-gani. Maman Rifkatu ce kawai na tabbata ta gane, ko da yake ban gaya mata alkawarin ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba.

Gero kaɗai ba ya riƙe gida, sai na fara ɗan wake na sayarwa da safe. A nan na samu abin da ya fi mini fartanya. Ruwan da aka tsame ɗan wake daga ciki, tafasasshe, ga kanwa, in na juye shi a kan ciyawa kafin azahar ta kwanta, ba ta kuma saurin dawowa. Lambu ba a kai shi kusa, don zai kashe har abin da ake so. Na yi niyyar in riƙa zubawa a bayan madafa, babanku ya nuna mini hanyar mota da sandarsa. Kullum tukunya guda, daga babbar ƙofa muka faro, muna matsowa kaɗan-kaɗan. Shi ma ya bar inda yake ya koma gefen hanyar da kujerarsa, yana bin abin da ruwan bai samu ba. Na tambaye shi me ya sa nan, alhali ga wajen rijiya ya fi buƙata.

"Ko Yaya zai zo," in ji shi.

Kafin kaka hanyar nan ta yi fes tun daga ƙofa har bakin ɗaki, babu ƙaya ko ɗaya, mota za ta shiga ta juya. Duk ƙarar motar da ta ratso layinmu sai ya ɗaga kai. Sau da yawa na ce masa ya bar ni in je in yi wa Alhaji bayani, a wuce wurin. Sai ya girgiza kai. Shi ma ya biya nasa, kada ku ɗauka ni kaɗai na biya.

A ƙarshen daminar ya fara takawa da sanda, daga ɗaki zuwa rijiya, daga baya har gindin dogon-yaron ƙofar gida, inda abokansa na kasuwa suka dawo suna samunsa. Ya koma cin abinci da dama, yana zubarwa, amma a gaban mutane. Wuƙa dai bai ƙara riƙewa ba. Daga baya wani abokinsa ya ba shi gefen rumfa a Kasuwar Kwastam yana sayar da kanwa da kayan yaji, a nan ku ƙanana kuka san shi. Ya ga auren Ummi, ko da yake daga Kano ba wanda ya zo, Alhaji kuma wakili ya turo. Sai a ciwon babanku na ƙarshe Alhaji ya shigo gidan, shi ma ya tsufa, ya zauna a bakin gado suka riƙe hannun juna yini guda ba su ce kome a kan abin da ya wuce ba. Ranar sadakar ukun babanku Alhaji ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, "Rabi, kin yi jinya, Allah ya biya ki." Na ce amin. Na so in ƙara wani abu, amma wanda ya ɗora mini alkawarin bai sauke mini ba kafin ya tafi.

Ba da mutuwa nake so in rufe wannan ba, don ba ita nake tunawa ba in na tuna shi. Bari in koma ranin da ya biyo bayan waccan damina. Ruwa ya ɗauke, ƙasa ta bushe, ciyawar da ta rage ta zama tsinke, awaki suka ƙarasa ta. Fili ya yi tas, abin da kowace mace a Bolori ke fata, ni kuwa hankalina ya tashi. Na ga ya fara daɗewa a kwance da safe, na ce shi ke nan, bango zai sake karɓe shi.

Sai na lura butarsa ta alwala tana saurin ƙarewa. In cika ta da azahar, kafin la'asar babu kome. Na zaci ta huje, na duba, lafiyarta ƙalau. Wata rana na bar wanki na bi shi a hankali. Ya dogara sandarsa ya zaga bayan ɗaki, wani lungu tsakanin bango da katanga inda inuwa ke daɗewa. Ya waiga, bai gan ni ba. Ya jingina da bango, ya mayar da butar hannun dama, ya tallafe ta da hagu, ya riƙa tsiyaya ruwan a ƙasa a hankali, kamar mai ba jariri. Wurin da faɗinsa bai fi tabarma ba ya yi kore shar da ƙananan ciyayi.

Na koma kan wankina. Da na gama, ruwan ɗauraya na ƙarshe, wanda babu sabulu a ciki, maimakon in watsa shi a tsakar gida sai na zaga na juye a lungun. Haka na riƙa yi kullum in yana gindin dogon-yaro. Ciyawa ta samu ruwa biyu ta yi ta tashi, shi kuma ya koma fita da hantsi da kujerarsa. Mun kai tsakiyar rani a haka, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa ruwan da yake zubawa. Wata safiya ina kawo masa koko a lungun, ya karɓa, ya dubi ciyawar, ya dube ni ta gefen ido, bakin nan nasa da bai gama miƙewa ba yana motsi.

"Rabi," ya ce, "ruwan ya yi yawa. Rage."